Inna Altine a Garin da Ba Rana

Ƙarshen Duniya,
3 ga Nuwamba

Yaya Garuba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Murja da yara, da 'yan ajinka na Chanchaga. Ka gaishe mini da Inna Altine gaisuwa ta musamman, ka tambaye ta ya gwiwa. Na rubuta Ƙarshen Duniya a sama ne domin sunan da ta raɗa wa garin nan ke nan, kuma ya fi na gaskiyar sauƙin faɗa.

Mu nan da sauƙi. Umar Faruk ya cika wata biyu jiya. Babansa Taufiq yana teku, sati uku a jirgin kamun kifi, sati uku a gida.

Rubutu na zaɓa domin duk sanda na kira ka Inna na kusa, kafin mu gama gaisawa ta karɓe wayar. Ka sa a buga maka wannan a takarda, ka karanta mata a tsanake.

Akwai abin da na ɓoye muku. Bayan haihuwa na yi ta kuka ba dalili, wata rana ma na kasa tashi daga gado har azahar. Na faɗa wa nas ɗin asibiti, ni a zatona hira muke yi, ashe rubutawa take. Yanzu wasu mata biyu daga ofishin kula da yara suna zuwa gidana duk Talata. Ba su da faɗa, a bakin ƙofa ma suke cire takalmi, amma komai suka gani sai ya shiga takarda. Idan suka yanke cewa yaro ba ya cikin hannu nagari, doka ta ba su ikon ɗauke shi su kai wani gida. Sun ce in akwai babba a gidan mai taimaka mini, za su rufe fayil ɗin a ƙarshen Janairu. Na ba su sunan Inna. Na ce 'yar wan kakana ce, ita ta shayar da ni da mahaifiyata ta rasu, kuma babu hannun da na yarda da shi kamar nata. Na sa hannu a kan haka. Yaya, tsoro nake ji, ban kuma taɓa faɗa wa kowa a gida ba sai kai.

To bari in sa mata kwaɗayin tafiyar. Ka gaya mata za ta iso daidai lokacin da rana ke daina fitowa gaba ɗaya, wata biyu cur. Da hantsi sama takan yi shuɗi kamar gari zai waye, sai ta fasa. Sallah da lokacin Makka muke yi, a wani ɗan masallaci na katako kusa da bakin ruwa. Zan hau da ita dutse a cikin wani akwatin gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, ta ga garin duka a ƙasa. Idan sama ta yi garau, da la'asar ma akan ga wani koren haske yana yawo a cikinta. Akwai kuma makiyaya a nan, masu kiwon wata irin barewa mai ƙaho kamar reshen itace, suna bin ta da ƙaura kamar yadda su Baffa ke bin shanu. Na san nan ne zan rasa yadda zan janye ta.

Abinci kuwa kifi ne, safe da yamma. Busasshen kifin nan mai taurin itace da matan Sabon Gari ke rububi, a nan ake shanya shi, za ta gan shi rataye dubu-dubu. Suna da miyar kifi da madara, da wata waina mai ramuka da ake ɗora wa cuku mai ruwan ƙasa, zaƙinsa kamar alewar madara. Ita da ta shekara talatin tana sayar da nono da man shanu, ina so in ji hukuncin da za ta yanke masa.

Yanzu shafi na biyu, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Don Allah ka karanta mata shi sau biyu.

Kada ta zo da tozali don yaro. Kada ta ba ɗan kowa alewa, kada ta shafa kan ɗan kowa, ko da ya yi mata dariya. Babba a cikinsu kuma shi ne wannan: mutanen nan suna barin jariransu su yi barci a waje. Uwa za ta shiga shagon shayi, ta bar jaririnta a cikin kekensa a bakin ƙofa, dusar ƙanƙara na zuba, tana kallonsa ta taga. Sun naɗe shi da ulu da fatar tunkiya, sun ce iskar sanyi lafiya ce. Ba yar da shi aka yi ba. Kada ta taɓa, kada ta leƙa, ta wuce abinta. Ni ba zan iya kallon idon Inna in ce mata yi kaza, bar kaza ba. Kai ɗanta ne, kuma daga takarda za ka karanta.

Ƙanwarka,
Fadila


Maitumbi, Minna,
17 ga Nuwamba

Ƙanwata Fadila,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Murja na gaishe ki, gwiwar Inna ta yi sauƙi tun ranar da biza ta fito. Ki yi haƙuri da jinkiri, ranar Asabar kaɗai nake samun shiga shagon da ake buga takardu.

Maganar matan Talata ta tsaya mini a rai. Amma ki kwantar da hankalinki. Matar da ta raini yara goma sha ɗaya, nata da na wasu, ba wanda ya taɓa ko ƙonewa a murhu, ita ce wasu masu biro za su gwada? Su zo su koya dai.

Na karanta mata wasiƙarki a tsakar gida, maƙwabta har uku suka shigo saurare. Da na zo kan barewa sai da na maimaita. Ta ce a tambaye ki ko ana tatsarta. Batun rana kuwa ba ta yarda ba, ta ce tun kina ƙarama kin iya ƙarin gishiri. Cukun nan mai zaƙi ta ce lalacewa ya yi, ba su sani ba ne.

Shafinki na biyu, in gaya miki gaskiya, bai yi mini daɗi ba. Shekara huɗu kacal a Turai, Fadila, har an fara rubuto wa Inna dokoki kamar 'yar aji ɗaya? Kin manta wa ya koya miki cin abinci da hannun dama? Na san tsoro ne ya sa ki, shi ya sa ba zan ja maganar ba. An yi abin da ya dace.

Kaya sun haɗu: kuka, daddawa, man shanu, man kaɗanya, da majanyi sabo da ta sa aka saƙo mata daga Bida. Murja ta samo mata rigar sanyi a gwanjo, in ta sa ta sai ka ce buhun gawayi ya yi ƙafa. Ranar ashirin da takwas zan kai ta Abuja da kaina.

Yayanki,
Garuba


Ƙarshen Duniya,
12 ga Disamba

Yaya Garuba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Inna na gaishe ku, ta ce a duba mata akuyarta mai ciki.

Ban ji haushin faɗanka ba, tunda ka ce an yi abin da ya dace. Na ga alama ma, domin ba ta zo da tozali ba, kuma ba ta tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Na san halinta, in abu ya shige ta shiru take yi. Ni ma ban tayar ba. Na gode.

Yaya, na yi barci. Rabona da barcin kirki tun kafin haihuwa. Tana goya Umar Faruk ya yi luf kamar an kashe rediyo. Matan Talata sun zo sau biyu, ta dama musu kunu, babbar cikinsu har ta nemi a nuna mata yadda ake ɗaura majanyi. Da za su tafi ta ce mini abubuwa suna tafiya daidai.

Kafin Taufiq ya koma teku mun zaga da ita. A cikin akwatin gilashin nan ta rufe ido tana salati har muka kai sama, da ta buɗe kuma ta ƙi saukowa. Koren hasken ya fito mana ranar Juma'a bayan la'asar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita dai ba ta son sa, abin da ke motsi ba ƙara ba ta yarda da shi ba. Wajen makiyaya kuwa abin da na faɗa ne ya faru. Ta buɗe bakin barewa ta duba haƙora, ta faɗi shekarunta da yatsu, tsohon mai garken ya riƙe baki. Sun ba mu romo a cikin bukkarsu, ita ta ce a ba ta shayi kawai tunda ba ta san wanda ya yanka ba. Miyar kifi ta karɓe ta, in an zuba yaji. Cukun kuwa ta ci yanka huɗu tana cewa ya lalace.

Abu ɗaya ne ke ɗan damuna. Kwana biyar tana tsayawa a taga da hantsi tana jiran rana, yanzu ta daina, ta koma kallon mutanen da ke wucewa. Jiya ta ce mini garin nan ba a jin kukan yara, ba a jin wasansu, ina suke kai su? Na yi dariya na ce suna makaranta. A bas kuma wata yarinya ta yi mata murmushi, na ga hannun Inna ya ɗaga, sai na yi sauri na miƙa mata jakata ta riƙe. Mantuwa ce, na sani.

Sanyi ya hana mu yawo a ƙafa cikin gari, daga bas sai gida. Amma ta gane hanyar masallaci, layi uku ne daga nan. Ranar Alhamis ta sama ina da ganin likita ni kaɗai, ta ce za ta goya yaron ta je azahar ta dawo. Na ce to.

Ƙanwarka,
Fadila


Maitumbi,
28 ga Disamba

Fadila,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Na kira wayarki ya fi sau ashirin, tana shiga ba a ɗauka. Ta Taufiq a kashe. Na amsa wasiƙarki tun sha huɗu ga wata, shiru. Murja ta ce wataƙila sanyi ne ya lalata muku layi, ni ban san ko sanyi na yin haka ba.

In faɗan da na yi miki ne, ki yafe, baki ne kawai. Akuyar Inna ta haifi biyu, ki gaya mata. Ki sa ta kira ni ko na minti ɗaya ne, in ji muryarta. Tun shekaranjiya ba na iya cin abinci.

Garuba


3 ga Janairu

Yaya Garuba,

Inna tana da rai, tana da lafiya. Umar Faruk ma haka. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Ranar Alhamis ɗin nan, a hanyarta ta dawowa daga masallaci, ta bi ta gaban wani shagon shayi. Akwai keken jariri a bakin ƙofa, ƙanƙara ta fara taruwa a rufinsa. Ta leƙa ta ga yarinya 'yar wata huɗu, ido a rufe, kumatu sun yi ja. Ta ce ta tsaya ta duba gabas da yamma, ta yi sallama sau uku da ƙarfi, ba wanda ya kula ta. Uwar ta shiga bayi ne a daidai lokacin. Inna ta ciro yarinyar, ta sa ta cikin rigar sanyinta, Umar Faruk na bayanta, ta taho gida da sauri.

Minti hamsin ana neman yarinyar. An tare gadar garin, an tsayar da bas-bas. Ni ina fitowa daga wurin likita na ga 'yan sanda ko'ina, har na tausaya wa uwar da aka ce an sace wa 'ya. Da na iso layinmu na tarar a ƙofata suke. Sun same ta a zaune kusa da abin ɗumama ɗaki, ta tuɓe yarinyar tana murza mata man kaɗanya a ƙirji da tafin ƙafa. Da suka shigo murna ta yi. Ta miƙa musu ita tana cewa da Hausa a nemo marar imanin da ta yar da wannan baiwar Allah.

Kwana biyu ta yi a hannunsu. Sun sake ta, amma sun riƙe fasfo ɗinta, kuma an hana ta kwana gida ɗaya da Umar Faruk. Tana wurin wata 'yar Somaliya da muke masallaci tare. Wayata ma ta yi kwanaki a wurin 'yan sandan, da suka dawo da ita kuma na rasa da wane baki zan yi maka magana.

Matan Talata yanzu kullum suke zuwa, kuma sun daina shan kunu. Sun tambaye ni ko Inna ta san al'adar garin. Na ce ta sani, na rubuta mata tun kafin ta taso, na nuna musu wasiƙar, tafinta ya fassara. Da aka tambayi Inna ta ce ita ba ta taɓa jin wannan magana ba. Yanzu a takardarsu ɗayarmu maƙaryaciya ce. In ta sani ta aikata, laifi ne babba, kotu za ta shiga.

Ban taɓa jin Inna ta yi ƙarya ba. Yaya, ka karanta mata shafi na biyu?

Fadila


Maitumbi,
4 ga Janairu

Fadila,

Ban karanta mata ba.

Na kai ƙarshen shafin farko, maƙwabta na zaune, tana ta dariyar cuku. Na juya takardar, idona ya sauka a kan kada, kada, kada. Na kasa. Yaya zan tsaya a tsakar gida, gaban Maman Patricia da sauran, in karanta wa uwata dokokin da 'yar da ta goya ta rubuto mata? Sai na ce kin rufe da gaisuwa, na ninke takardar. Na ce a raina zan faɗa mata a hanyar Abuja. A mota ta yi ta yi mini addu'a, na ce sai a filin jirgi. A filin jirgi kuma ta riƙe hannuna tana tsoron matakalar nan mai tafiya da kanta. Tozalin ni na zare shi daga jakarta ba ta sani ba, na ɗauka na gama da mai wuyar ke nan. Maganar jarirai a waje kuwa, wallahi ban yarda da ita ba, na zaci irin ƙarin gishirin da Inna ta ce ne.

Da kika rubuto kina gode mini, na zauna zan gaya miki, sai na ga komai na tafiya daidai, na ce me zai sa in ɓata.

Na je kotun majistare yau an rubuta mini takardar rantsuwa da Turanci, da hatimi, cewa Inna ba ta taɓa jin shafin nan ba, ni na ɓoye. Ga hoton takardar nan haɗe. Ki kai musu. In akwai wanda za a ɗaure, ni ne. Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. Ki dai gaya mini abin da suka ce.

Garuba


Maitumbi,
26 ga Janairu

Fadila,

Gaisuwa. Na ɗauko Inna a Abuja ranar Laraba, kamar yadda Taufiq ya turo. Ta rame, amma da ƙafarta ta fito. Takardata ta yi amfani ke nan, alhamdu lillahi.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na faɗa mata komai a mota, ta ce Allah ya kyauta kawai. Maƙwabta na shigowa yi mata sannu da zuwa suna tambayar barewa, sai ta ce ta gani. Ni kuma tambaya biyu take yi mini kullum bayan sallar asuba: ko yarinyar nan ta yi mura, kuma wa ke goya Umar Faruk.

Ƙarshen Janairu ya zo. Sun rufe fayil ɗin? Taufiq bai ce komai a kai ba, ke kuma ba kya ɗaukar waya.

Garuba


19 ga Fabrairu

Yaya Garuba,

Ina gaishe ku. Ka gaya wa Inna yarinyar ba ta yi mura ba. Uwarta ma ta aiko da kati, ta ce ta gane ba mugunta ba ce.

Takardarka ta wanke Inna, na gode. Amma da aka karanta ta a zaman da aka yi, babbar matan Talata ta juyo ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce sati uku muna gida ɗaya da Inna, muna ci tare, muna kwana ɗaki ɗaya, na san abu ne mai haɗari har na rubuta shi, me ya hana ni buɗe baki in faɗa mata da kaina kafin in bar mata jariri ta fita da shi?

Na ce ita ta shayar da ni. Tafinta ya fassara. Suka jira in ci gaba, ni kuma na gama. Lauyana ya yi ƙoƙari, ya ce al'ada ce, kunya ce. Matar ta ce ta fahimta, kuma na ga alamar da gaske take. Sannan ta rubuta cewa uwar takan fifita jin nauyin manya a kan tsaron lafiyar ɗanta. Na so in ce ƙarya ne, na rasa ta inda zan fara. Don haka ka daina cewa kai kaɗai ne. Kai shafi ɗaya ka ninke, ni kwana ashirin na yi ina kallonta.

Sun ɗauki Umar Faruk ranar biyu ga wata. Sun ce na wata uku ne, sannan a sake zama. Taufiq ya ajiye aikin teku don a ga akwai uba a gida, lauya ya ce hakan zai taimaka, bai dai ce zai isa ba. Yaron yana wurin wasu mata da miji a wani tsibiri, tafiyar awa ɗaya da rabi, bas sannan jirgin fito. Mutanen kirki ne. An ba ni ranar Alhamis, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, kuma ba a yarda in ɗauke shi ba sai ma'aikaciyar ofishin tana wurin. Ina tatsar nono in kai musu a kwalba, amma ya fara raguwa.

Rana ta dawo, tana leƙowa kamar awa biyar yanzu. Ban ji komai ba da na gan ta.

Alhamis ɗin da ta wuce jirgin ya yi sauri, na isa ƙarfe sha biyu da minti ashirin. Tun daga bakin hanya na hango keken a gaban gidan, ƙarƙashin taga. Yana ciki yana barci, an naɗe shi da fatar tunkiya, hancinsa kaɗai ke waje, ƙanƙara na sauka a kan rufin. Matar gidan ta ɗago mini hannu ta taga, ta nuna agogo, ta yi murmushi.

Na tsaya a gefensa, hannuwana biyu a cikin aljihu, har ƙarfe ɗaya ta cika.

Fadila